Wutsiyar Goɗiyar Amana

Gari ya waye a Tudun Wada aka tarar an datse wutsiyar goɗiyar wani falke, Labaran. Ba tsinka aka yi ba, yankewa aka yi ƙaf har gindi, aka bar baiwar Allah tsaye a turke tana kaɗa ɗan dungulmi, ƙudaje na cin kasuwarsu a cinyoyinta. Kafin hantsi zangon Kailani ya cika ya batse, har da waɗanda ba su san gaban doki da bayansa ba.

A shekarun nan jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba. Fataken da suka saba taka sayyada da jakuna sai suka koyi sabon salo: su bar dabbobinsu a zango, su hau jirgi zuwa Ikko, su dawo da goro. Abincin Kailani ke nan. Yana karɓar jakuna da takarkarai da dawaki, ya ba su harawa da dusa da kanwa, ya mayar wa mai abu abinsa yadda ya kawo. Jarinsa duka amana ce, kuma cikin amanar da ke hannunsa babu wadda ta kai wannan jar goɗiya, wadda Labaran ke ji da ita kamar ƙwai a cokali. A ranar kuma da la'asar ake sa ran jirginsa.

Jama'a ba su wahalar da kansu wajen neman mai laifi ba. Akwai wani tsoho a zangon, Gwadabe, wanda aikinsa rage tsuntsaye. Inda duk dabba ta taru tsuntsu na taruwa: kurciyoyi su wawashe dusa, hankaki su ɓata ruwan sha, sannan ga carki, ɗan tsuntsun nan da ke maƙalewa a bayan dabba yana caccakar mikinta, ba ya barin rauni ya warke. Da asuta Gwadabe ke kama su, wato tarkon da ake ƙullawa da tsagiyar doki. Aka zazzage jakarsa, ga tsagiya nan dunƙule. Nan take biri ya yi kama da mutum. Kailani ya tura shi ɗakin harawa ya sa sakata, ya ce Labaran na sauka zai miƙa shi ga dogarai. Tsoho mai shekarun Gwadabe kuwa, in ya shiga gidan yari, sai dai a fito da shi a makara.

Mai unguwa bai gamsu ba, don haka ya aika a taso Nagoda.

Na ce a taso shi, domin Nagoda mai bin sawu mutum ne da barci bai taɓa yi wa rowa ba. Tafiya yake kamar ƙafafunsa na aro ne, idanu rabi a rufe. Abokan wasansa kan ce a mafarki ake nuna masa ɓarawo, bin sawun da yake yi don kada a ce ya ci banza ne. Shi dai ba ya musu. Shanun da ya dawo wa Fulani da su sun ishe shi amsa.

*

Bazara ce, lokacin da rimi ke fashewa. Audugarsa na ta saukowa a hankali kan zangon, tana sauka a rawunan mutane da kunnuwan jakuna. Nagoda ya tsaya a ƙofa ya dubi ƙasa, ransa ya ɓaci. Duk sawun da mai laifi ya bari, 'yan kallo sun tattake shi, har mai tallar ƙosai ta ɗora nata a kai.

"Sannu da zuwa, Malam Nagoda," in ji Kailani, yana share zufa da hannun riga. "An wahalar da kai a banza. Magana ta riga ta ƙare."

"To, madalla. Bari in ga mai wutsiyar, in ya so in koma in ƙarasa barcina."

Goɗiyar na can ƙarshen zango ƙarƙashin rumfarta ita kaɗai. Ja ce, mai farin goshi, a doronta inda sirdi ke zama akwai wani baƙin tabo da aka shafe da man shanu da jar ƙasa. Nagoda ya zagaya ta, ya dubi yankan. Wuƙa mai kaifi ce, hannun da ya riƙe ta kuma yana sauri.

"Wa ya fara gani?"

"Ni, da na fito sallar asuba."

"Wutsiyar fa, an same ta?"

"Tsohon ya ɓoye. In dogarai suka taɓa shi zai faɗa."

"Wannan tabon na mene ne?"

"Tsohon miki ne, da shi ta zo," in ji Kailani, ya matso tsakaninsa da goɗiyar. "Kar ka taɓa, tana harbi."

Nagoda ya janye hannunsa. Goɗiyar dai ko kunne ba ta kaɗa ba.

*

Ta tsagar ƙofar ɗakin harawa Nagoda ya yi magana da Gwadabe. Ya zaci rantsuwa zai ji ko kuka. Sai ya ji muryar tsohon a dushe tana tambaya, "Wa ke wajen 'Yar Gata?"

"Wace ce 'Yar Gata, Baba?"

"Goɗiyar mana. Rana ta ɗaga, yanzu carki za su sauko mata. Don Allah ka ce wani ya tsaya da reshe."

"Baba, kai ake shirin kai wa alƙali."

"Na ji. Amma mikin nan, ɗana, tun zuwanta nake fama da shi. Ya fara haɗewa su buɗe, ya fara haɗewa su buɗe. Duk zangon nan babu bayan da suke so kamar nata. In ka kore su ta gabas su dawo ta yamma. Na kama na kama, kamar ana ƙaro su daga sama. Kailani har faɗa yake mini, wai tarkona ya tsufa kamar ni."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Kwana biyu ke nan da wuni. Ya aike ni Dutsen Abba saro danƙon kama tsuntsu. Jiya bayan magariba na dawo, gajiya ta kwantar da ni. Da asuba sai hannuwa na ji a wuyana. Ko ganinta ba a bar ni na yi ba." Sannan ya ce a hankali, "Da gaske har farin suka yanke?"

"Wane fari?"

"A tsakiyar wutsiyarta akwai wani zirin farin gashi. In tana kaɗawa da yamma sai ka ce wata ne ya tsaya. Ni da nake taje shi kullum, ko sili ɗaya ban taɓa cira ba."

Nagoda ya nemi jakar ya duba. Tsagiya ce tsohuwa, launi-launi, irin wadda ake tsinta a mataji. Babu sabon yanka a ciki. Tausayin tsohon ya kama shi, amma ya san tausayi ba ya buɗe sakata.

*

A bakin zango Sakinatu mai fura ke zama. Idonta bai taɓa barin komai ya wuce ba, bakinta kuma bai taɓa barin idon ya riƙe shi kaɗai ba. Ta dama masa fura ba tare da ya tambaya ba.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji ta, "amma su wa ke neman tsagiya a garin nan ban da mai tarko? Shekaranjiya da idona na ga Mika'ilu mai goge yana leƙe ta dangar baya."

"Kin ga ya shiga?"

"Zato zunubi ne, Malam. Na dai ga yana leƙe." Ta kori wani ƙuda daga bakin ƙwarya. "Tsohon nan kuwa ana zaluntarsa. Aikinsa ma kwanan nan ya fi kyau. Jiya da safe carki na share a nan matattu, sun fi cikin tafin hannu biyu. Har na ce kyanwata ta samu, sai ta shinshina ta yi gaba."

Nagoda ya shanye furar, ya tafi neman mai goge.

Ya same shi a wata rumfa wajen hanyar Gyallesu yana gyaran kayan sana'a. Da Mika'ilu ya ji abin da ake zarginsa da shi, sai ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Tsagiyar goɗiya? Haba Malam! Ka taɓa jin gogen da aka ɗaura wa gashin mace? Fitsari ya riga ya cinye shi, kana ja yana tsinkewa. Na ingarma muke nema, shi ma sili-sili ake cira daga ƙasa, ba a yanka."

"To me ka je yi?"

"Akwai wani ingarma na mutanen Katsina a can, na je roƙon 'yan silin tsagiya. Ban ko buɗe baki ba Kailani ya fito kamar zai cinye ni. Ya rataye zana ya rufe rumfar goɗiyar ruf, wai ba ta son hayaniya. Na ce to, ashe dabba ma ta shiga kulle."

Ya ja gogen sau ɗaya don gwaji. Muryar ta bi Nagoda har ya yi nisa, siririya, tana tashi tana sauka tare da audugar rimi.

*

Da azahar zafi ya kori kowa. Nagoda ya dawo zango ba shi da komai a hannu sai maganganu uku da ba su san juna ba. Ya yi sallah, ya jingina da gindin rimi inda yake hango rumfar goɗiyar, ya ja hula kan goshi. Waɗanda suka gan shi suka taɓe baki, suka ce ai dama.

Shi kansa bai san ko barci yake ko ido biyu ba. Ƙasa na rawa don zafi, jakuna suka zama kamar suna tsaye cikin ruwa. Ya ga kansa yana yaro a bayan kakansa cikin daji, tsohon na cewa duk abin da ya wuce sai ya bar alama, in ƙasa ta ƙi faɗa maka ka ɗaga kai. Audugar rimi ta yi ta zuba, ta zama garken fararen tumaki suna kiwo a sama ba makiyayi. Daga nesa jirgin kaya ya yi kuka, kukan ya narke ya koma muryar goge. Cikin wannan hali carki suka sauko.

Garke guda suka zo, suna ɗan kukansu mai kama da tsaki. Yau babu Gwadabe, babu reshe, zango nasu ne. Suka rarrabu kan jakuna. Suka hau takarkarai suna leƙa kunnuwa. Wani jaki mai ɗan ƙuje a kafaɗa har faɗa aka yi a kansa. Nagoda na kallo ta ƙarƙashin hula, yana jiran ya ga an yi wa goɗiyar rubdugu.

Ɗaya tak ya je. Ya sauka a doronta, ya gangara kan baƙin tabon, ya karkata kai ya duba, ya caka baki sau ɗaya. Sai ya goge bakin a gashinta, ya tashi ya koma wajen jaki.

Nagoda ya ture hular. Bayan da tsuntsayen nan suka fi so duk zango, ga shi a buɗe ba mai tsaro, sun wuce shi kamar ba su taɓa saninsa ba. Ya tuna carkin da Sakinatu ta share, a ranar da mai tarko ke Dutsen Abba. Ya tuna zanar da aka rataye. Ya ɗaga kai sama sosai, sama da rimin. Can wajen rafin Kubanni ungulaye na shawagi, suna zagaye wuri guda a hankali.

Ya fita ta dangar baya. A wata 'yar hanya da shanu ba sa bi ya sami abin da ya nema tun safe: sawun doki mai tangaɗi, yana jan ƙafar baya, da sawun mutum ɗaya a gefensa. Ya bi su har gaɓar rafi. Abin da ya tarar a cikin kwazazzabo, an lulluɓe da ƙaya, ya sa shi tsayawa ya daɗe yana salati.

*

Da la'asar Labaran ya iso, ƙurar jirgi ba ta bar rigarsa ba. Labari ya riga ya tare shi a tasha. Ya dubi dungulmin wutsiyar sau ɗaya ya kau da kai, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ba zan iya kallonta haka ba," in ji shi.

"Kar ka kalla, Malam Labaran," in ji Kailani da sauri. "A hannuna abin ya faru, ni zan ɗauki asarar. Ka bar mini ita, in nemo maka wata. Shi kuma wanda ya yi, ga dogarai nan tafe."

"Kafin su iso," in ji Nagoda, "ina roƙon abu biyu, ranka ya daɗe." Mai unguwa yake wa magana, wanda ke zaune kan buzu, Sakinatu da Mika'ilu da sauran jama'a na tsaye kewaye. "A ba ni ruwa a ƙwarya, a kuma fito da Baba Gwadabe."

Kailani ya ce wannan ɓata lokaci ne. Mai unguwa ya ce lokacin nasa ne, a ɓata.

Aka zare sakata. Gwadabe ya fito yana ƙifta ido, harawa duk a gemunsa. Bai dubi kowa ba, ya nufi rumfar yana ɗan fito da baki irin wanda ya saba yi mata. Goɗiyar ta ci gaba da cin dusarta. Ya sake yi. Ya tsaya cak, ya dube ta daga goshi har kofato.

"Ina 'Yar Gata?" in ji shi. "Wannan kuma ta wa ce?"

Nagoda ya jiƙa tsumma ya goge baƙin tabon. Man shanu da jar ƙasa da toka suka wanke, sai ga fata lafiyayya, ko ƙwarzane babu.

"Ni ma an rufe mini ido," in ji Nagoda. "Carki ne ba a iya rufe wa ba. Jini yake nema, ya zo bai samu ba, ya tafi. Wannan goɗiya ba ta taɓa miki ba, farin gashi kuma ba ta da shi a wutsiya, shi ya sa aka raba ta da wutsiyar. Wanda ya yanka ba tsagiya yake so ba. So yake mai ita ya ji kunyar kallonta. Ta Malam Labaran tana bakin Kubanni a mace, da farin zirinta. Sawun da ya raka ta can na mutum ne mai taka gefen ƙafar hagu."

Ba wanda ya ambaci suna, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kailani ya ja ƙafarsa ta hagu ƙarƙashin riga, sannan ya zauna a ƙasa.

"Wallahi alheri na nufa," in ji shi. "Na ga ranar dawowarka ta matso, miki bai warke ba. Na gaji da tarkon da ke kama biyu goma su zo. A kanti na ga wani farin gari da ake sayarwa na kashe ɓera. Na ce tunda daga mikin suke sha, bari in zuba musu a mikin. Na aiki tsoho don kada ya hana ni. Tsuntsayen sun mutu, Malam Labaran, sun zube kamar kanya. Kashegari ita ma ta fara rawar jiki." Ya share fuska. "Wannan ta surukina ce, uwarsu ɗaya da taka. Ban yi niyyar a kama Gwadabe ba. Jama'a suka ce shi ne, ni kuma na yi shiru."

"Ka yi shiru, ka kuma sa sakata," in ji Sakinatu. "Garin neman gira ka rasa ido, sannan ka ce a ƙwaƙule na wani."

Labaran bai ɗaga murya ba. "Da ka tare ni ka ce ta mutu, da na ce Allah ya ba da, Allah ya karɓa. Dabba ce, tana da rana. Amma tsohon nan fa, Kailani?"

Tun kafin dogarai su iso, fatake suka fara kwance jakunansu daga turaku, ɗaya bayan ɗaya.

*

Sai da hayaniya ta lafa aka lura babu Gwadabe. Nagoda bai buƙaci duba ƙasa ba, ya san inda zai same shi.

Rana ta yi ja a kan Kubanni, ruwan ya ragu saura 'yan kududdufai masu ɗaukar ido. Tsohon na zaune a bakin kwazazzabo, ya janye ƙayar daga wajen wutsiya, yana taje farin zirin da yatsunsa. A ɗaya hannun yana riƙe da reshen ɗorawa. Ungulaye sun sauko sun jeru a gefe, wasu biyu da suka riga suka ci sun kife can gaba, fukafukai a baje.

"Baba, an wanke ka. Malam Labaran na nemanka, ya ce ka koma gidansa da zama."

"Allah ya saka masa. Ka ce ya turo masu fartanya, a yi mata rami mai zurfi."

"Zan faɗa. Ka taso mu tafi, magariba ta kusa."

"Ka je, ina nan sai sun zo."

Wata ungulu ta yi tsalle ta matso. Bayanta wasu 'yan carki uku da suka biyo shanun shan ruwa suka sauka a kan ƙaya, suna leƙen doron da suka sani. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗana wa tsuntsu tarko ya miƙe da ƙyar, ya kaɗa reshen, hawaye na bin gemunsa.

"Kai, ku tashi," ya ce musu a hankali, kamar mai lallashin yara. "Kar ku ci. Guba ce."